Abin da Fara ta Koya Mini

Ya kai ɗalibi, idan kana sha'awar kiwon zomo, tsaya ka ji abin da ya same ni, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare a Jimeta lokacin da kawuna ya kawo mini zomaye biyu daga cikin garin Yola, mace da namiji. Macen ce ta fi shiga raina, har na raɗa mata suna Fara. Kullum sai in cika musu kwano da dusa da guntun burodi da ragowar tuwo. A ganina gata nake yi musu.

Da ruwan farko ya sauka, sai ciyawa ta tsiro. Na yanko ta jiƙe sharkaf da raɓa, na tula musu. Washegari Fara ta ƙi cin komai, ta takure a lungun keji, cikinta ya kumbura. Na ɗauka ƙoshi ne. Sai a rana ta biyu na ɗauke ta zuwa wurin likitan dabbobi, amma kafin mu isa rai ya yi halinsa.

Likitan ya dube ni ya ce, "Yaro, zomo ba ya nuna ciwo. A daji, mai rauni ake fara kamawa, shi ya sa yake ɓoye nasa. Ranar da ya ƙi abinci, ranar ake kawo shi." Na ce, "Ranka ya daɗe, saura namijin. Yaya zan yi kada shi ma ya tafi?" Abin da ya koya mini ran nan shi zan ba ka.

Ka sani, babban abincin zomo shi ne busasshiyar ciyawa da harawar gyaɗa ko ta wake. Haƙoransa ba sa daina girma, tauna ce take rage musu tsawo. Kuma zomo ba ya iya amai, don haka duk abin da ya haɗiye sai ya bi hanjinsa. Dusa kaɗan ta isa. Ɗanyen ganye kuwa, kamar na dankali ko zogale, ka shanya shi a inuwa ya ɗan yi yaushi, ka riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har cikinsa ya saba. Idan daga lambunan Geriyo ka samo ganyen, ka tambaya ko an yi masa feshin magani.

Sai batun zafi. A watannin Maris da Afrilu zafin Jimeta yakan haura digiri 40. Zomo ba ya gumi kamar mutum. Ta kunnuwansa yake rage zafin jiki. Saboda haka ka ajiye kejinsa a inuwa mai iska. Kada ka saurari masu cewa zomo ba ya shan ruwa. Yana sha, kuma mai tsabta yake bukata kullum.

Na ƙarshe shi ne tsabta da lura. Ka share keji kowace safiya, domin ƙazanta ce take kawo zawo, musamman ga ƙanana. Ka duba kashinsa, ka leƙa cikin kunnuwansa ko akwai ɓawon ƙazuwa. Idan ka sayo sabon zomo, ka keɓe shi mako biyu kafin ka haɗa shi da sauran.

Na bi wannan shawara, namijin ya rayu. Bayan damina na samo masa wata macen, ta yi wata guda da ciki, ta haifi 'ya'ya shida. Har yau idan na ji an ce rigakafi ya fi magani, Fara nake tunawa. Kai kuwa, ba sai ka rasa taka ba kafin ka koya.