Daga Zango Zuwa Togoville da Keken Kawu

Jama'ar Zango, da yawa daga cikinmu mun san kogin Zio ne kawai idan ya yi fushi. Tun da aka rushe tsohon Zango na tsakiyar Lome a 1977 aka kwaso iyayenmu zuwa Togblekope, muke maƙwabtaka da wannan ruwa, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2008 ba ya bukatar a ba shi labari. Amma ka tambayi yaro a aji ina Zio yake zuwa bayan ya wuce mu, sai ya ce teku. To ba teku yake fara zuwa ba. Shi da kogin Haho suna zuba ne cikin Tafkin Togo, gabas da Lome, tafki mai tsawon kamar kilomita 15, daga can ruwan ya bi wata doguwar hanya zuwa Aneho, inda yake saduwa da teku. A bakin tafkin nan ne garin Togoville yake, wanda ƙasar nan tamu ta ci sunansa.

A hutun da ya wuce na kai kawuna can. Direban babbar mota ne a da, ya yi shekaru yana Lome zuwa Cinkasse, har Yamai da Wagadugu, kafin haɗari ya zaunar da shi a keken guragu. Ya ƙetare gada ba iyaka, amma bai taɓa shiga kwale-kwale ba. Da maganar ta fito, gida ya rabu biyu. Gwaggo ta ce mai ƙafa ma yaya ya ƙare da ruwa, balle wanda sai an ɗaga shi. Kawu ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Ni ƙafa na rasa, ba ido ba." Daga nan babu wanda ya ƙara cewa uffan.

Mu huɗu muka tafi: ni, da shi, da ɗansa, da wani tsohon ɗalibina mai ƙarfi a jika. Mun yi shatar mota, domin motar haya ba ta da haƙurin jiran a naɗe keke. Muka bi babbar hanyar da ta kewaye gari muka faɗa hanyar bakin teku, wadda ta nufi Kwatano. A Baguida na nuna musu garin da aka sa hannu a kan yarjejeniyar 5 ga Yuli 1884, tsakanin Gustav Nachtigal na Jamus da wakilin Sarki Mlapa na Togoville. Ina koyar da wannan kowace shekara, kuma kullum nakan ƙara wa yara abin da ba kasafai ake faɗa musu ba: cikin 'yan sandan farko da Jamusawa suka ɗauka a ƙasar nan akwai Hausawa da yawa. Ba jiya muka zo ba.

Agbodrafo, wanda Turawan Fotugal suka kira Porto Seguro, kamar kilomita 30 yake daga Lome. Akwai gidan bayi a garin, inda aka riƙa ɓoye mutane a wani rami ƙarƙashin daɓen falo, ramin da babba ba ya iya miƙewa tsaye a ciki. Keke ba ya shiga, Kawu daga sama ya leƙa, ya yi shiru, muka wuce.

Aikin gaske a bakin ruwa ya fara. Mai karatu, idan ba ka taɓa tura keken guragu cikin rairayi ba, ka sani ƙananan tayoyin gaba su ne abokan gaba. Nutsewa suke yi nan take, in kuwa ka matsa da ƙarfi sai mai keken ya kifo ta fuska. Dabara ita ce a juya keken, a kwantar da shi baya kaɗan a kan manyan tayoyi, a riƙa ja da baya, mutum ɗaya yana tallafe da gaba. Kawu da kansa ya riƙa ba da umarni kamar yana koya wa yaron mota ribas.

Masu fito suka taso mana, kowa na son ya samu. Na farko ya dube mu ya ninka kuɗi, wai keke ma fasinja ne. Muka bar shi. Na biyu, wani dattijo Ba'ewe mai 'yar Hausar kasuwa, bai fara da kuɗi ba. Ya tsuguna ya tambayi Kawu, shi kansa ba mu ba, ko yana iya zama ba tare da jingina ba, kuma wane hannu ya fi ƙarfi. Ni dai a nan na gane da wa za mu tafi. A ganina wannan ita ce jarrabawar da ya kamata duk mai irin wannan tafiya ya yi wa matuƙi: wanda ya yi magana da mai keken ya san aikinsa, wanda ya yi ta kansa kamar buhun masara, a bar shi ko da kyauta ne.

Ɗan Kawu ya so a ɗora shi da keken gaba ɗaya, a ɗaure da igiya. Dattijon ya ƙi, kuma yana da gaskiya. Keke yana ɗaga nauyin mutum sama, jirgi kuwa ya fi son nauyi a ƙasa. Sa'annan, Allah ya kiyaye, in jirgi ya kife, wanda aka ɗaure da ƙarfe ba shi da mafita. Aka naɗe keken aka kwantar a gaba, aka shimfiɗa tabarma da matashinsa a tsakiyar jirgi, ya jingina da katakon zama, ni ina bayansa. Rigar ruwa ɗaya muka zo da ita aro daga Lome, shi aka sa wa. Kada kowa ya dogara cewa zai tarar da ita a can.

Tafkin ba shi da zurfi sosai, da doguwar gora ake tura jirgi a mafi yawan hanya. Ruwan ba daɗi zalla ba ne, yakan surka da gishiri gwargwadon lokaci, shi ya sa ake kama karfasa da ƙaguwa da jatan lande wuri guda. Mun wuce masunta tsaye cikin ruwa suna jefa birgi, da mata cikin wani jirgi da kwanduna za su kasuwa. Daga nesa aka nuna mana wajen Kpeme, inda ake loda fosfat ɗin da ake haƙowa a Hahotoe. Kawu ya sa hannu cikin ruwa ya bar shi yana ja. Can ya ce da ni, "Malam, wannan ruwan bayan gidanmu ne?" Na ce, "Rabinsa, Kawu." Ya ce, "Ashe in ya zo nan hankali yake yi."

Kamar rabin awa muka yi. Da muka kusa gaɓar Togoville, ruwa ya ja baya, jirgi ya tsaya nesa da tudu. Wannan ne abin da Kawu ya fi tsoro tun daga gida, a ɗauke shi a gaban baƙi. Sai ga samari sun shigo ruwa suna saɓar fasinjojin jirgin da ke gabanmu ɗaya bayan ɗaya: wata Baturiya, da wani mai kwat da takalmi sau ciki. Al'adar wurin ke nan. Kawu ya kalli mai kwat a wuyan yaro yana riƙe da jakarsa, ya yi dariya har da hawaye, ya ce ni a fara ɗauka ya ga yadda malamin makaranta yake a sama. Haka aka yi. Shi kuwa mutum biyu suka haɗa hannu suka yi masa kujera, ɗansa ya riga shi da keke.

Garin a kan tudu yake, turawa sai da gumi. Akwai babbar majami'ar da Jamusawa suka gina a 1910. Kiristocin wurin suna cewa Maryamu ta bayyana a tafkin a 1973, kuma Fafaroma John Paul na Biyu ya zo a watan Agusta 1985, shi ma ta ruwa. Gumakan bodu suna nan a unguwanni, kowa da nasa. Mu dai muka sami inuwa muka yi azahar, Kawu a zaune. Matakala ce ta hana mu wurare da dama, kuma makewayin da keke zai shiga ban gan shi ba, sai da muka roƙi wani gida. Togo tana da dokar kare naƙasassu tun 2004, ta kuma amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2011. Buhu nawa na siminti gangara ɗaya za ta ci?

Wanda yake son kogi sosai, daga Aneho akwai mashigar Gbaga da ke kaiwa kogin Mono, kan iyakar Benin. Tafiyar ta fi tsawo, mai larurar zama kuwa dogon zama a kan katako yana iya jawo masa gyambo, don haka muka bar ta.

Dattijon ya gargaɗe mu mu dawo kafin la'asar, domin iska takan tashi da yamma. Mun ɗan makara, ruwa ya riƙa fantsamo mana, keken ya jiƙe sharkaf. Da muka iso gida, kafin a ci tuwo Kawu ya sa aka wanke shi da ruwan famfo, aka goge, aka ɗiga baƙin mai a gindin kowace taya, yana tsaye a kan yaran da baki. Gishiri, in ji shi, ya fi ramin hanya cin ƙarfe. Gwaggo tana ta faɗa a kan rigarsa da ta yi laka, shi kuwa yana tambayata ranar da za a yi hutun Disamba.