Tauraro na sama, lasisi na ƙasa

Babu gwamnatin da ta mallaki sararin samaniya. Yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka ƙulla a 1967 ta hana kowace ƙasa ta ce wani yanki na can nata ne, shi ya sa tauraron ɗan'adam yake ratsawa ta saman Kano ko Damagaram bai nemi izinin kowa ba. Amma saƙon da ya ɗauko dole ya sauko. Inda zai sauka kuwa ƙasar wani ce, kuma a nan gwamnati take jiran sa da takarda a hannu.

Masaukin nan shi ake kira tashar ƙasa: fili ne mai shinge, da farantai masu fuskantar sama, da waya mai kauri da ta haɗa shi da sauran intanet. Idan ka tura saƙo ta ƙaramin farantin da ke kan rufin ɗakinka, sai ya hau zuwa tauraro, tauraron ya sauke shi a tashar, daga nan ya bi waya zuwa inda aka aike shi. Dokokin rediyo na hukumar sadarwa ta duniya, ITU, mai mazauni a Janeba, sun ce ba wani mutum ko kamfani da zai kafa tashar aika saƙo ta iska sai da lasisin gwamnatin ƙasar da take ciki. Wannan ya shafi babbar tashar, ya kuma shafi farantin kan rufi, tunda shi ma aikawa yake yi.

A da, maganar lasisi ba ta ma taso ba, domin mai ba da izinin shi ne mai tashar. Najeriya ta buɗe ta farko a Lanlate, cikin jihar Oyo ta yanzu, a 1971, tana magana da taurarin Intelsat da ke can nisan kilomita kusan 36,000. Daga baya aka gina ta Kujama a kan hanyar Kaduna zuwa Kachiya. Ina yaro, duk sanda muka bi hanyar nan nakan zura wa fararen farantanta ido har su ɓace, wani kawuna kuma yakan ce ta nan muryar alhazai take shigowa daga Makka. Ƙofa ce ƙwaya ɗaya, mabuɗinta na hannun hukuma, mai son kiran waje ya bi layi. Sai a 1992 aka kafa hukumar NCC, dokar sadarwa ta 2003 ta ƙara mata ƙarfi, gwamnati ta tashi daga mai shago ta koma sarkin kasuwa.

Zuwan Starlink ne ya farfaɗo da batun. Taurarinsa dubbai ne, suna shawagi a nisan kilomita 550 ko kusa da haka, don haka saƙo ba ya jinkiri kamar da. NCC ta ba shi lasisi a watan Mayun 2022, ya fara aiki a Janairun 2023, Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ya shiga. Ba a jima ba amfanin takardar ya bayyana. A Oktoban 2024 kamfanin ya ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000, hukumar ta fito ta ce ba da amincewarta ba, kamfanin ya dakatar da ƙarin a lokacin. Da babu lasisi, wa zai kira kamfanin da ke Amurka ya zo Abuja ya yi bayani? Ga kuma batun zangon da ake aika saƙo a kai, wanda ba ya ƙaruwa: in ba a raba shi da tsari ba, tashar wannan sai ta shiga ta wancan, har na'urorin jiragen sama ba su tsira ba. Don haka ba na cikin masu cewa lasisi dabarar tatsar kuɗi ce kawai.

Sai dai wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka yatsa. A watan Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, kuma ba kamfanin ta je ta rufe ba; kamfanonin waya masu lasisinta ta umarta, suka toshe hanya har Janairun 2022. A Satumban shekarar ta 2021 aka katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya, bisa roƙon gwamnatin jihar, don a datse sadarwar 'yan bindiga. Mako biyu aka ambata da farko, amma a wurare da dama abin ya kai watanni. Mutanen Gusau suna shiga mota zuwa Funtuwa don kiran waya ɗaya. Mai POS ya nade shimfiɗa, mai haƙuri a asibiti ba ya iya sanar da danginsa. Ana iya gardama kan ko matakin ya yi amfani, abin da ba a gardama a kai shi ne lasisi ne ya sa umarni ɗaya ya wadatar.

Nan ne fasahar ta zo da sabon lissafi. Sababbin taurarin Starlink suna miƙa wa juna saƙo ta hasken leza, saboda haka saƙon da ya tashi daga wata ƙasa yana iya sauka a tashar da ke wata ƙasar daban. A Sudan, bayan ɗaukewar sadarwa a Fabrairun 2024, farantan da aka shigo da su ta ɓarauniyar hanya ne suka zama hanyar da iyalai ke karɓar kuɗi daga 'yan uwa na waje, rahotanni kuma suka nuna dakarun RSF na amfani da su, har suna karɓar kuɗi a kansu. Kowace gwamnati ta ga wannan. Shi ya sa wasunsu, irin su Indiya, suke sa sharaɗin cewa tashar ƙasa ta kasance cikin iyakarsu: wanda tasha ke gidansa yana iya saurare, yana iya kashewa.

Abin da ya dame ni ke nan, kuma shi ne abin da nake ganin lauyoyinmu da 'yan jaridarmu ya kamata su riƙa tambaya duk sanda aka yi bikin miƙa lasisi. Wane jami'i ne ke da ikon cewa a kashe? Da takardar kotu ko da wasiƙa kawai? Na kwana nawa, kuma wa zai duba in wa'adin ya cika? Waɗannan sharuɗɗa su ya kamata a buga kowa ya karanta, kafin a zo maganar saurin intanet.

A Nijar, Starlink ya fara aiki a hukumance a watan Maris na 2025, bayan gwamnatin soja ta ba shi izini. Ƙasa ce mai faɗi, wadda ja mata waya daga Yamai zuwa Bilma aiki ne na shekaru, don haka murnar jama'a tana da dalili. Gwamnatin da ta ba da izinin ita ce ta dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, ta kuma dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024.