Kwanonmu Ɗaya, Sakamakonmu Daban

Lokacin da nake SIWES a wani ɗakin gwaje-gwaje a Funtua, ogan wurin ya ce tunda za mu koyi auna kolestarol, wato kitsen da ke yawo a cikin jini, mu fara da namu. Ranar ɗan baffana ya shigo gari sayen taki, sai na ja shi aka ɗebi nasa shi ma. Wallahi don in samu abin yi masa tsiya na yi haka. Tare muka tashi a Maska, kwanonmu ɗaya, amma shi ne mai zabga man shanu a tuwon masara, kuma kullum safe sai mai shayi ya soya masa ƙwai uku. Ni kuwa siriri ne, a aji ma Kara ake ce mini.

Ana so kada awon ya wuce 5.2. Nasa 4.1 ya nuna, nawa 7.9. Na ce na'urar ce ta samu matsala. Aka maimaita bayan sati biyu, bai sauya ba.

Sai na koma karatu, irin wanda ban taɓa yi don jarrabawa ba. Ashe mafi yawan kolestarol hanta ce ke haɗa shi, kuma ita ce ke kwashe shi daga jini. Yadda hantar kowa ke wannan aiki yana bin ƙwayoyin halittar da ya gada. Akwai wata da ake kira APOE, kala uku ce, kuma mai ɗauke da wadda ake kira E4, kolestarol ɗinsa ya fi saurin hawa. A 2005 masu bincike a Dallas ta Amurka suka gano kusan biyu cikin ɗari na baƙaƙen fatar can suna da wani canji a ƙwayar PCSK9 da ke riƙe musu shi ƙasa tun haihuwa. A nan gida, wani bincike da aka buga a 2001 kan Fulani makiyaya a yankin Jos ya samu kusan rabin ƙarfin abincinsu daga mai yake, amma jininsu lafiya lau. Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin lasisi: su wuni suke suna tafiya bayan shanu, mu kuwa daga hostel zuwa aji ma sai mun hau mashin.

Da na kai wa likita takardar, bai fara tambayar abin da nake ci ba. Cewa ya yi, "Akwai wanda ya rasu farat ɗaya a gidanku?" Babanmu yana da shekara 46 ya dafe ƙirji ya faɗi a gona lokacin girbin masara. Mun ce kwana ya ƙare, kuma haka ne. Likitan ya ce yana zargin irin na gado ne, wanda ke samun kusan mutum ɗaya cikin 250, kuma duk ɗan da mai shi ya haifa, damar ya gada rabi da rabi ce. Irin wannan, rage maiƙo yana taimakawa amma ba ya isa, sai an haɗa da magani. Ya rubuta mini, ya ce a kawo 'yan'uwana.

Gaya wa Inna ya fi komai wuya. Duk zangon karatu sai ta cika mini kwalba da soyayyen man shanu. Da na ce ta daina, ta kalle ni daga sama har ƙasa ta ce, "Kai da iska ke neman ɗauka, kai ne mai kitse?" Da na ambaci Baba sai ta yi shiru.

Ƙannena uku ne. Na yi wa biyu gwajin da ragowar alawus ɗina, ɗaya lafiya, ɗaya nata ya hau. Autanmu sai an sayar da waken suya. Kwalbar kuwa Inna ba ta fasa cikawa ba, ɗan baffana take miƙa wa.