Daga Warra Zuwa Aliero

Ranar wata Juma'a muka sauka Warra, ni da abokan karatuna biyu, a gidan wani aminina da muka yi firamare tare. Shi karatunsa nan ya tsaya, domin mahaifinsa ya tsufa, babu mai jan koma sai shi. Da maraice ya gasa mana giwan ruwa a bakin tafkin Kainji, yana nuna mana sashen da gonakin kakanninsa suke kafin ruwa ya shanye su a 1968.

Washegari da asuba muka kama hanyar Aliero, ta Yelwa da Koko da Jega. Mu kam hutu muka so, amma shi ya matsa sai an je, ya kuma ɗauko ƙanensa da ke shirin gama sakandare. Warin albasa ya fara tarbarmu, domin da ita aka san garin, ita da masu ɗorin karaya, tun kafin a kafa jami'ar kimiyya da fasaha a 2006.

Da muka isa ƙofar jami'a sai ya toge, wai tufafinsa na ƙarnin kifi. Kunya ta rufe ni, don ni na tsokane shi da haka a mota. Na ce, "Haba mutumina, wasa fa nake." Ya ce, "Na sani, Malam. Ku dai shiga da yaron ya ga ɗakin karatu."

Bai taɓa ce mini Malam ba sai ran nan. Muka bar shi gindin dogonyaro, yana lissafin kwandon kifi nawa zai biya kuɗin rajista.