PS5, Xbox ko tsohuwar PS4? Lissafin da na yi kafin in taɓa kuɗin adashen Umma

1/ Zare ne, kuma zai ɗan yi tsawo. Masu tambayata a inbos wace na'ura muka tsayar a kai don gidan gem ɗin da za mu buɗe a Badarawa, ga amsar a nan gaba ɗaya, don na gaji da maimaitawa ɗaya bayan ɗaya.

2/ Ku fara sanin kuɗin waye. Rabi nawa ne, na sayar da data da gyaran waya tun ina aji ɗaya a KASU. Rabin kuma Umma ce ta kwashi adashenta ta ba ni aro, da sharaɗin ya dawo kafin rajistar zango mai zuwa. In bai dawo ba, kuɗin makarantata ne zai tafi a madadinsa. Shi ya sa duk wanda ya ce min "kawai ka sayi PS5, ka ji daɗin rayuwarka" nake kallonsa kawai.

3/ Zaɓi uku ne a gabanmu: PS5 guda ɗaya, ko Xbox Series S, ko PS4 Slim ta hannu guda biyu. Ni zuciyata PS5 take so, ba zan ɓoye ba. Tun fitowarta a Nuwamban 2020 nake kallonta a YouTube kamar mai kallon motar da ba zai hau ba.

4/ A lokacin dala 499 ce mai cin faifai, Series S kuma dala 299. To wannan lissafin na zamanin da dala ba ta kai naira 500 a banki ba ne. Daga Yunin 2023 da aka saki naira, kowa ya san inda aka kwana. Na zaga shagunan Ahmadu Bello Way da na cikin kasuwar Gumi sau uku, abin da na gani shi ne kuɗin PS5 ɗaya zai ba ni PS4 biyu, har da ƙarin hannaye.

5/ Abokina da muke aji ɗaya, wanda shi ɗan Xbox ne na gani-kashe-ni, ya zaunar da ni kusan awa biyu. Kuma gaskiya yana da hujja. Series S sabon zubi ce, ƙarama, ba ta ihu, ba ta cin wuta. Hannunta batir biyu ake sa masa irin na tocila, ko an kwana uku babu wuta sai ka aika yaro shago ya sayo. Wannan ya burge ni ƙwarai.

6/ Amma ba ta da wajen sa faifai. Ko kaɗan. Duk wasan da kake so sai ka sauke shi daga intanet, kuma wasan ƙwallo ɗaya gigabait ne masu yawa, ban da sabuntawar da ke biyo baya. Ni da nake sayar da data na san abin da hakan ke nufi. Ga ma'ajiyarta 512GB ce a rubuce, abin da za ka iya amfani da shi bai kai 400 ba.

7/ Game Pass ɗin da yake ta yabo kuwa, a gida ne yake da daɗi, inda mutum ɗaya ke son gwada wasanni ɗari. Yaran unguwarmu ba wasa ɗari suke nema ba. Ƙwallo ce, sai Mortal Kombat, sai ɗan GTA in an gaji. Kuma kuɗin wata ne da kuɗin waje, sai ka buɗe asusu da adireshin wata ƙasa ka riƙa sayen kati. Faifai kuwa in ka gama da shi ka kai kasuwa a yi maka musaya ka cika kaɗan.

8/ Abin da ya kashe maganar Xbox baki ɗaya shi ne maɓalli. Ku saurara da kyau. A hannun PlayStation, X yana ƙasa, shi ne fasin. A hannun Xbox akwai X shi ma, amma yana hagu, inda murabba'i yake a PlayStation. Wato ka ce wa yaro "danna X ka ba shi", in ƙwallo na ƙafarsa ya ɗaga ta sama, in ba ta ƙafarsa ya zame ya kwashe ɗan mutane, jan kati.

9/ Dariya ce a nan, a shago kuwa rigima ce. Yaron da ya biya kuɗinsa aka ci shi uku ba zai ce bai iya ba, cewa zai yi hannun ne. Gobe ya koma shagon da ke bayan layi. Tun zamanin PS2 da Winning Eleven yatsun mutanen garin nan suka haddace alwatika da da'ira, ba ni ne zan sake musu karatu da kuɗin adashe ba.

10/ Saura PS5 da PS4. A nan ne na fi daɗewa.

11/ Yayana ya ce PS5 ce ke jawo manyan yara, irin na Malali da Unguwar Rimi, masu biya ba ciniki. Haka ne. Na ce masa, Yaya, waɗannan ai suna da ita a ɗakinsu, me zai kawo su shagonmu mai benci biyu? Namu 'yan sakandare ne da masu koyon ɗinki da 'yan acaɓa in sun tashi. Na'ura ɗaya mutum biyu take ɗauka a wasa, biyu kuwa huɗu. Sauran suna tsaye suna jira, kuma mai jira ba ya biya.

12/ Sai wuta. PS5 kan ci wajen wat 200 in ana babban wasa, PS4 Slim yawanci ba ta kai 100. Wanda ya zauna a Kaduna a Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Mando Arewa ta yi kwanaki a duhu, ya san ba a gina sana'a a kan wutar gwamnati kaɗai. Ƙaramin janareta zai ja PS4 biyu da talabijin biyu da fanka. Kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kowace lita sai an lissafa ta a cikin kuɗin wasa.

13/ Wani abu da masu bita a YouTube ba sa faɗa, don ba a nan suke zaune ba: ƙura. Hunturu na shigowa fankar na'ura za ta fara kuka kamar jirgi zai tashi daga Mando. PS4 tun 2013 take, duk mai gyara a kasuwa ya buɗe ta sau ɗari, kayan gyaranta na nan birjik. Hannunta ma in sandar ta fara jan gefe, gyara ne na ɗan lokaci. Hannun PS5 guda ɗaya in ya lalace, ribar sati ce ta tafi, kuma ba za ka iya buga wasan PS5 da hannun PS4 ba.

14/ Inda Yaya ya fi ni gaskiya: PS4 tana kan hanyar ritaya. GTA VI an riga an sanar, PS5 da Xbox Series ne kawai. Ranar da ya fito, duk shagon da ke da PS5 zai cika, namu zai yi shiru na ɗan lokaci. EA kuma, da suka rabu da sunan FIFA bayan FIFA 23, har FC 26 suna fitar da na PS4, amma wata shekara za su daina. Na san da wannan. Lissafina shi ne kafin ranar ta zo Umma ta karɓi kuɗinta, abin da ya taru bayan nan shi zai sayo PS5.

15/ Masu cewa in sayi wadda aka yi wa kutse aka cika ta da wasanni: na gode, a'a. Ba ta hawa intanet, kuma ranar da wani yaro ya danna sabuntawa bisa kuskure, shi ke nan an koma sifili.

16/ Don haka PS4 Slim biyu, hannu shida, biyu na ajiya. Ranar Asabar za mu je ɗauka. Na gaya wa mai shagon sai an kunna kowace ta yi awa guda tana wasa a gabana, in ji ƙarar fanka, in ga ta haɗiye faifai ta tofo shi, in duba ko an taɓa ɓalle hatimin bayanta. Ya ce "ɗalibi, kai lauya ne?" Na ce a'a, bashi ne a kaina.

17/ Wanda ya san mai hannun PS4 na asali, ba jabu ba, tsakanin Kawo da kasuwa, ya taɓo ni kafin Juma'a. Na asali nake nufi fa, don jabun ba ya wata biyu a hannun yaran Badarawa.