Gwangwanin Baba

Yau ba ci gaban littafi na kawo muku ba, ku yi mini afuwa. Wani abu ne da ya faru a gidanmu nake son in sauke daga ƙirjina.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana gona a hanyar Dutse zuwa Kiyawa da tsohuwar tarakta ja, Massey Ferguson 135, irin waɗanda aka ƙera a Ingila, mai injin Perkins silinda uku. Ta hannu ya saye ta a 1991, shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano. Hajiyarmu kan ce da ita aka biya kuɗin makarantarmu, don haka ba ta ko son jin zancen sayarwa. Ɗan ƙanwar Baba ne ke tuƙa ta, yaro maraya mai shiru-shiru.

A daminar 2022, wadda ambaliya ta yi ɓarna a su Ringim da Miga, taraktar ta yi mako biyu a ajiye a ƙofar gida ana zabga ruwa. Ranar da gari ya washe yaron ya tada ta, ya ga farin hayaƙi, ya kashe. Da ya zaro sandar awon mai sai ga baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ya kuma haura layinsa.

Bakaniken farko ko sunkuyawa bai yi ba ya ce gaskit ya ƙone, yaro ya bar inji ya yi zafi, sai an sauke kan inji an je Ƙofar Ruwa a Kano neman kaya. Nan take Yaya ya karɓe makulli.

"Ka kashe mana ita, hankalinka ya kwanta. Gobe zan kira masu saye."

Yaron ya ce, "Wallahi Yaya ban taɓa fita ban duba ruwa ba." Babu wanda ya saurare shi, har da ni.

Hajiya ce ta ce a kira tsohon bakaniken Baba. Dattijon ya zo a kan babur, ya ce kada wanda ya taɓa ta sai ta kwana biyu. Ranar da ya dawo ya shimfiɗa buhu, ya sassauta notin ƙasan inji kaɗan. Ruwa ne tsararo ya fara ɗiga, ya kusa cika kofi, sannan mai ya biyo.

"Ruwa ya fi mai nauyi," ya ce, "in ka ba shi lokaci zai kwanta a ƙasa."

Ya sa aka ɗora murfin tukunya a kan garwashi, ya ɗiga man. Sai ƙara, tas-tas-tas, kamar an jefa ɗanyen kifi a suya. Ya ce mai zalla hayaƙi kawai zai yi, ruwa ne ke tafasa yana fashewa.

Yaya ya ce, "To ai shi ke nan Baba, gaskit ne."

"A'a ɗana. Mun san ɓarawo ya shiga, ba mu san ta wace ƙofa ba."

Ya lissafa ƙofa uku. Akwai raɓar da ke taruwa a injin da aka daɗe ba a mora ba, amma ita ba ta wuce ɗan farin kumfa a murfin mai. Akwai ruwan lagireto, in gaskit ya ƙone ko kan inji ya tsage. Ya buɗe lagireto, ruwa cike, babu maiƙo a samansa. Ya juya injin da hannu zagaye biyu, don in ruwa ya kwanta a kan fistan aka tada da ƙarfi, ƙarfen da ke riƙe da shi lanƙwashewa zai yi, tunda ruwa ba ya matsuwa. Aka juye man, aka canja matata, aka zuba sabo. Ya tada ta lagireto a buɗe muna leƙe, ko kumfa ɗaya bai taso ba. Aka yi yini guda ana aiki da ita, ruwan lagireto na nan inda yake.

Sai dattijon ya ɗaga kai ya dubi salansa da ke tsaye tana kallon sama.

"Ina gwangwanin Alhaji?"

Mai karatu, gabana ya yanke ya faɗi. Shekara da shekaru Baba na kifa gwangwanin tumatir a bakin salansar nan in an ajiye ta. Ni na cire shi. Hoto na je ɗauka don in sa a Facebook ranar tunawa da rasuwarsa, na ga tsatsarsa ta ɓata hoton, na jefa shi gefe, na manta. Ta nan ruwan sama ya bi, ya wuce ta bawul ɗin da ke buɗe, ya tsiyaya ta gefen fistan har cikin mai.

Zan iya yin shiru, babu wanda ya gan ni. Har na fara lissafin a ce iska ce. Sai na dubi yaron yana tsugune nesa da mu, kwana huɗu ke nan ba ya cin abincin gidan.

Na ce, "Ni ne, Baba."

Yaya bai ce uffan ba, ya ciro makulli ya miƙa wa yaron. Ni kuwa da na ba shi haƙuri cewa ya yi, "Ba komai Yaya, dama na san Allah zai wanke ni." Maganar nan har yau tana sukata. Na sha rubuta labarin marayan da aka yi wa ƙazafi, ina tsine wa azzalumai a takarda, ashe da abin ya zo ƙofar gidanmu a layinsu na tsaya.

Bayan mako guda aka sake juye mai don ragowar danshi. Taraktar na nan, gwangwani na nan, yanzu an ɗaure shi da waya.

Sai mun haɗu a ci gaban littafinmu, in Allah Ya kai mu.