Lissafin Rumbu

A cikin darussan aljabara da muka yi bana, babu wanda 'yan ajinmu suka fi yi wa ƙorafi kamar lissafin nan mai iyaka biyu, wato inda ake sa harafin x a tsakiya, a tokare shi da alama dama da hagu. Wasu cewa suke yi ba shi da amfani sai a ɗakin jarrabawa. Ni kuwa ban yarda ba, domin a gidanmu da ke wajen Roni kowace kaka sai an yi shi, ba allo ba alli.

Ga yadda abin yake. Bara, bayan an fitar da zakka, gero dami 120 ya rage mana. Babana ya san gidanmu ba zai kai wata kakar ba sai da dami 80 ko fiye. Kakana ya ga farin 1973 da na 1984 da idonsa, saboda haka a kan tamanin ɗin nan ba ya sauraron kowa. Rumbunmu kuma dami 100 kaɗai yake ci, abin da ya ƙaru sai ya kwana a waje, rabon gara da ɓeraye. To, dami nawa za a sussuke a kai kasuwar Kazaure?

Mu kira abin da za a sayar x. Abin da zai saura shi ne 120 − x, kada ya gaza 80, kada kuma ya wuce 100. Sai mu rubuta:

80 ≤ 120 − x ≤ 100

Dokar ita ce, abin da ka yi wa ɗaya sai ka yi wa duka ukun, kamar mai raba tsarabar kasuwa ga yara. A ɗebe 120 daga kowane wuri:

−40 ≤ −x ≤ −20

Nan ne ramin da yake cinye maki. Don a raba x da alamar ɗebewa sai an ninka ko'ina da −1, kuma da zarar an yi haka dole bakin alamomin ya juya:

40 ≥ x ≥ 20

Me ya sa yake juyawa? Ku tuna da bashi. Wanda ake bi Naira 40 ya fi wanda ake bi Naira 20 zama a ƙasa, don haka −40 bai kai −20 ba. Amma in kuɗin a aljihu suke, mai 40 ne a sama. Wanda ya manta ya juya alamar zai ce wai x ya kai 40 kuma bai wuce 20 ba, abin da ko mahaukaci ba zai faɗa ba.

Ashe Baba yana iya sayar da dami 20 zuwa 40. Sai dai maganar ba ta ƙare nan ba, don ga kuɗin jarrabawata da littattafan ƙannena, waɗanda aka ƙiyasta za su ci dami 25. Iyakar ƙasa ta tashi ke nan, amsa ta koma 25 zuwa 40, aka sayar da 30.

Malaminmu ya gaya mana cewa kalmar aljabara daga sunan littafin Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820. Alamomin < da > kuwa sun fara bayyana a littafin wani Baturen Ingila, Thomas Harriot, a 1631, shekara 10 bayan mutuwarsa. Ban tsammani ko ɗayansu ya taɓa ganin rumbu irin namu.

Akwai abu guda da nake so iyayenmu su lura da shi. Da a ce hidimar makaranta ta kai dami 45, da sai x ya kai 45 kuma kada ya wuce 40. Babu lambar da za ta cika sharuɗɗan nan biyu. A aji sai mu rubuta "babu amsa", malam ya ba mu maki cikakke. A gida kuwa, ranar da lissafi ya fito haka, Inna ce take kwance akuyarta guda, a ba yayana igiya ya nufi kasuwa da ita.